Ranar Kolumbus: hutun da aka bayar don lallashi ya koma abin faɗa a Amurka

Duk Litinin ta biyu a watan Oktoba ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka suna hutu. Ba a raba wasiƙu, yawancin bankuna a rufe, sai dai kasuwar hannun jari ta New York tana ci, kamfanoni da dama kuma ba su ma san ana yi ba. A dokar tarayya Ranar Kolumbus ake ce da wannan rana. A jihohin Maine da Vermont da New Mexico kuwa, tun 2019 sunanta Ranar 'Yan Asalin Ƙasa. A birnin New York, Italiyawan Amurka ke cika titin Fifth Avenue da fareti da tutoci masu kore da fari da ja, su kuma ƙabilun asali suna can tsibirin Randall's suna buga ganguna. Da cibiyar bincike ta Pew ta ƙirga a 2023, jihohi 16 kacal cikin 50 ta samu suna ba ma'aikatansu hutu da sunan Kolumbus shi kaɗai.

Mai kallo daga nesa zai zaci gardama ce ta malaman tarihi, wasu na cewa mutumin gwarzo ne, wasu na cewa azzalumi. Alhali abin da Kiristofa Kolumbus, matuƙin jirgin ruwan da ya tsallaka tekun Atlantika ya isa nahiyar Amurka a 1492, ya aikata a rubuce yake, da yawansa ma da hannunsa ya rubuta, kuma saɓanin masana a kai bai kai yadda 'yan siyasa ke kururutawa ba. Abin da ya sa rigimar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa shi ne al'umma biyu ne da Amurka ta taɓa zalunta, aka ɗauko sunan mutumin da ɗaya take ganin shi ne mafarin masifarta, aka share wa ɗayar hawaye da shi.

An haifi Kolumbus a Genoa, a Italiya ta yau, a 1451. Ya yi shekaru a jiragen Fotugal, har ya rubuta a gefen littattafansa cewa ya je sansanin Elmina, a Ghana ta yau, inda Turawan Fotugal suka kafa ganuwa a 1482 don cinikin zinariya. Wato ya ga yadda ake hada-hadar zinariya da ta bayi a gaɓar Afirka ta Yamma tun kafin ya juya akalarsa zuwa yamma. Burinsa ya isa Sin da Indiya ta teku, ya kauce wa hanyoyin kayan yaji da ke hannun Musulmi da 'yan Venice. Labarin da aka daɗe ana koya wa yara, wai shi kaɗai ya yarda duniya a mulmule take sauran mutane na tsoron faɗawa daga bakinta, tatsuniya ce da ta yaɗu a ƙarni na 19. Malaman fadar Fotugal da suka ƙi shirinsa sun san duniya a mulmule take, kuma sun fi shi gaskiya a lissafi. Ya ɗauki awon masanin taurari Alfarghani, amma ya ɗauka da gajeren mil na Rumawa aka yi awon, alhali da mil na Larabawa ne, wanda ya fi tsawo. Sai duniya ta ƙanƙance masa a takarda, ya sa Japan a tazarar da ba ta kai rubu'in ta gaskiya ba. Da babu wata ƙasa a tsakani, da ƙishirwa ta gama da su a teku.

Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella na Sifaniya ba su saurare shi da kyau ba sai bayan faɗuwar Granada, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, a farkon Janairun 1492. A Maris suka ba Yahudawa zaɓi: ko su bar addininsu ko su bar ƙasar. Ranar 3 ga Agusta Kolumbus ya tashi daga Palos da jirage uku, tare da tafinta mai jin Larabci, don yana sa ran zai yi magana da sarakunan gabas. Ranar 12 ga Oktoba ya sauka a wani tsibiri na Bahamas da mutanensa ke kira Guanahani. Ya yi tafiya huɗu, ya mutu a 1506 yana nan a kan bakansa cewa gefen Asiya ya isa. Ƙafarsa ba ta taɓa taka ko ɗaya daga cikin jihohi 50 na Amurka ba.

Mutanen da ya tarar, ƙabilar Taino, ya yabe su da kyauta da sanyin hali, a littafi guda kuma ya rubuta cewa za su yi kyau da bauta, kuma da mutum 50 za a iya mallake su duka. A tafiya ta biyu, a 1493, ya zo da jirage 17 da mutane sama da 1,000, ya kafa mulki a tsibirin Hispaniola, inda Haiti da Jamhuriyar Dominika suke a yau. Zinariyar da ya yi wa fada alkawari ba ta samu kamar yadda ya zuzuta ba, sai ya nemi cike giɓin da mutane. A Fabrairun 1495 aka kamo 'yan Taino sama da 1,500, aka zaɓi kimanin 550 aka loda a jirgi. Michele da Cuneo, abokinsa da ke cikin tafiyar, ya rubuta cewa kimanin 200 sun mutu kafin a isa Sifaniya, aka jefa gawarwakinsu a teku. Waɗanda suka rage a tsibirin kuma aka ɗora musu haraji: duk wanda ya kai shekara 14 a yankin da ake samun zinariya, kowane wata uku sai ya cika wata 'yar ƙararrawa, irin wadda ake ɗaura wa shaho a ƙafa, da garin zinariya. A sauran wurare auduga ake karɓa. Zinariyar ba ta kai haka ba a rafukan. Mutane suka bar gonaki suka gudu duwatsu, yunwa ta biyo baya.

Masu kare shi suna cewa kada a auna mutumin ƙarni na 15 da ma'aunin yau. Maganar tana da nauyi, sai dai ma'aunin zamaninsa ma bai wanke shi ba. A shekarar 1500 Sarauniya Isabella ta ba da umarnin a saki 'yan Taino da aka kai Sifaniya a mayar da su gida, don tana ganin talakawanta ne. A wannan shekarar aka tura Francisco de Bobadilla ya binciki ƙorafe-ƙorafe, ya kama Kolumbus da 'yan'uwansa biyu, ya mayar da su Sifaniya a ɗaure da sarƙa. Rahoton binciken ya ɓace ɗaruruwan shekaru, sai a 2005 aka gano shi a ma'adanar takardu ta Simancas, masaniyar tarihi Consuelo Varela ta buga shi a 2006. A ciki akwai shaidar mutum 23. Akwai wanda aka yanke wa kunne da hanci saboda satar hatsi, akwai matar da aka yanke wa harshe don ta ce Kolumbus ba ɗan kowa ba ne. Gaskiya Bobadilla ba alƙali ne marar ɓangare ba, tunda kujerar Kolumbus ya gada, kuma yawancin kukan na Turawa ne a kan abin da aka yi wa Turawa. Sarakunan sun saki Kolumbus, sun ba shi jirage ya sake tafiya, amma ba su sake ba shi mulki ba har ya mutu.

Shi ma ɗaya ɓangaren yana da inda yake wuce gona da iri. Kisan kiyashin Jaragua na 1503, inda aka ƙone shugabannin Taino aka rataye sarauniyarsu Anacaona, a zamanin gwamna Nicolas de Ovando aka yi. Cutar agana da ta yi wa nahiyar ɓarna mafi girma ba ta iso Hispaniola ba sai 1518, shekara 12 bayan mutuwar Kolumbus. Ƙiyasin yawan 'yan Taino kafin zuwansa ya kama daga dubun gomomi har sama da miliyan, gwargwadon masanin da ka tambaya. Abin da ba a musu a kai shi ne ƙidayar Sifaniyawa ta 1514 kimanin mutum 26,000 ta samu, bayan 'yan shekaru kuma sai tsiraru. Da ma'aikata suka ƙare aka juya ga Afirka, a 1518 Sarki Charles na Sifaniya ya ba da lasisin kwaso bayi 4,000. Kolumbus bai yi duk wannan da hannunsa ba, amma shi ya buɗe ƙofar, shi ya fara loda mutane a jirgi ya tsallaka da su Atlantika, kuma shi ya fara raba 'yan ƙasa ga Turawa su yi musu aikin dole.

To yaya aka yi ƙasar da bai taɓa gani ba ta ba shi rana guda? Da farko neman gwarzon da ba Bature ɗan Ingila ba ne. Amurkawa sun fito daga yaƙi da Ingila, suna son tarihin da bai bi ta London ba. Kwalejin King's ta New York ta koma Columbia, sunan da aka samo daga Kolumbus, a 1784, gundumar babban birnin ƙasar ta samu wannan suna a 1791, aka yi bikin cika shekara 300 a New York a 1792. A lokacin babu wanda ya damu da cewa Ba'italiye ne ko ɗan Katolika.

Italiyawa sun shigo maganar ne ta hanyar jini. Daga 1880 zuwa farkon shekarun 1920 kimanin miliyan 4 daga cikinsu suka tsallako, akasari talakawan kudu da na Sisili. Ba a ɗauke su cikakkun fararen fata ba. A Louisiana, gonakin rake suka shiga, aikin da bayi suka bari. A Oktoban 1890 aka harbe shugaban 'yan sandan New Orleans, David Hennessy, aka ce Italiyawa ne. Aka gurfanar da tara, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shida, suka kasa cimma matsaya a kan uku. Washegari, 14 ga Maris 1891, dubban mutane ƙarƙashin jagorancin manyan gari suka fasa gidan yari suka kashe Italiyawa 11, wasu da harsashi, biyu aka ja waje aka rataye. Babu wanda aka hukunta. Jaridar New York Times ta zagi waɗanda aka kashe a sharhinta, Theodore Roosevelt, wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya, ya rubuta wa 'yar'uwarsa cewa abin ya yi daidai, ɗaya daga cikin jagororin taron kuma, John Parker, ya zama gwamnan jihar a 1920. Italiya ta janye jakadanta, har aka fara raɗe-raɗin yaƙi. Gwamnatin Shugaba Benjamin Harrison ta biya diyyar dala 25,000, sannan a 1892, shekarar zaɓe, ta ayyana bikin ƙasa na cika shekara 400 da zuwan Kolumbus. A wannan shekara Italiyawan New York suka yi karo-karo ta hannun jaridarsu suka kafa mutum-mutumin da ke Columbus Circle har yau. Leburan da ake kira da sunayen wulaƙanci ya samu abin da zai nuna ya ce namu ne ya fara zuwa.

Wata biyu da rabi kafin kisan New Orleans, ranar 29 ga Disamba 1890, sojojin doki na Amurka sun kashe 'yan ƙabilar Lakota tsakanin 250 da 300 a Wounded Knee da ke South Dakota, da yawansu mata da yara. Shugaban ƙasa ɗaya ne, Harrison. Italiyawa suna da ƙasa mai jiragen yaƙi da jakada, suka samu diyya da biki. Lakota ba su da kowa, sai sojojin da suka yi kisan aka ba lambobin yabo mafi girma kusan 20. Duk wanda yake son fahimtar zafin wannan gardama, daga nan ya kamata ya fara.

Ba a ba Italiyawa ranar a sama ba, sai da suka yi gumi. Colorado ce ta fara mayar da ita hutun jiha a 1907. Ƙungiyar 'yan Katolika ta Knights of Columbus, wadda aka kafa a 1882, ta yi ta matsa lamba jiha bayan jiha, ita kuma Ku Klux Klan, ƙungiyar masu fifita farar fata, tana adawa, tana cewa a girmama Leif Erikson, ɗan arewacin Turai da ya isa Kanada kusan shekara 500 kafin Kolumbus. A ƙarshen Mayun 1924 aka sa hannu a dokar da ta rage Italiyawan da za su iya shiga ƙasar zuwa ƙasa da 4,000 a shekara, bayan mako guda kuma aka sa hannu a dokar da ta ba ƙabilun asali zama 'yan ƙasa a ƙasar kakanninsu. Majalisa ta amince da ranar a 1934 zamanin Franklin Roosevelt. A yaƙin duniya na biyu an sa Italiyawa kimanin 600,000 da ba su da takardar zama ɗan ƙasa a jerin baƙi abokan gaba, kuma a Ranar Kolumbus ta 1942 aka sanar da cire su. Daga 1971 ta zauna a Litinin ta biyu ga Oktoba. Idan dattijon Ba'italiye a Brooklyn ko Philadelphia ya ji ana cewa a soke ranar, ba Hispaniola yake tunawa ba, kakansa yake tunawa.

Ɗan ƙabilar Navajo ko Cherokee shi ma kakansa yake tunawa. Waɗannan su ne mutanen da muka taso muna gani a finafinan kaboyi muna kiransu Indiyawan daji, muna tafi idan an harbe su. An kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kwana na gwamnati, aka aske musu gashi, aka hana su yarensu. Rahoton ma'aikatar cikin gida ta Amurka na 2024 ya tabbatar da mutuwar yara aƙalla 973 a waɗannan makarantu. A ce wa jikokinsu su yi hutu don murnar ranar da aka gano ƙasarsu, duk wanda ya zauna a aji a Najeriya aka koya masa cewa Mungo Park ne ya gano kogin Kwara, alhali masunta na Yawuri da Bussa sun tsufa a kansa, ya san yadda maganar ke sauka a kunne. Kiran a sauya ranar ya fito fili ne a wani taro kan wariyar da ake nuna wa 'yan asalin nahiyar da aka yi a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya na Geneva a 1977. South Dakota ta sauya suna a 1990, shekara 100 cif bayan Wounded Knee, birnin Berkeley ya biyo a 1992. Seattle da Minneapolis a 2014, Los Angeles a 2017. Bayan kisan George Floyd a 2020 abin ya koma kan gumaka: a Boston aka fille wa mutum-mutumin Kolumbus kai, a Richmond aka jefa shi tafki, a Baltimore aka tura shi cikin ruwan tashar jirage, birnin Columbus na Ohio ma ya sauke nasa daga gaban ofishin magajin gari.

Hujja mafi ƙarfi da masu son ranar suke da ita ita ce girman abin da ya faru a 1492. Erikson ya zo ya koma, duniya ba ta motsa ba. Kolumbus ya zo, nahiyoyi suka haɗe har abada. Doki da alkama da rake suka tafi can, masara da rogo da gyaɗa da dankali da tumatir da barkono suka zo nan. Dalar gyaɗa ta Kano, da yajin da ke kan tsire, da tuwon masara, duk jikokin wannan tafiya ne. Amma a ganina a nan hujjar take tsayawa. Muhimmancin mutum shi ke ba shi babi a littafin tarihi, kuma babu wanda ya ce a cire Kolumbus daga manhaja. Hutun ƙasa kuwa karramawa ce, gwamnati ce ke cewa ga wanda muke so 'ya'yanmu su yi koyi da shi. Mutum biyu ne kawai suke da irin wannan hutu da sunansu a dokar tarayyar Amurka ban da shi da kuma bikin Kirsimeti, George Washington da Martin Luther King. Masu cewa Washington ma ya mallaki bayi gaskiya suka faɗa, sai dai shi ana girmama shi ne saboda kafa ƙasa, bautar tabo ce a jikinsa. Shi kuwa Kolumbus, abin da ake yabonsa a kai da abin da ake zarginsa da shi a jirgi ɗaya suka zo.

Wasu ƙasashen nahiyar, har da waɗanda jiragensa suka isa, sun riga Amurka yanke shawara. Bahamas ta mayar da ranar ta gwarazan ƙasa a 2013. Trinidad da Tobago ta soke nata bikin ganowa tun 1985 ta sa ranar 'yanta bayi, a 2025 kuma ta cire jiragensa uku daga tambarin ƙasa ta sa gangar ƙarfe ta kiɗan gargajiyarsu. Hugo Chavez ya sa wa ranar sunan tirjiyar 'yan asali a Benezuwela a 2002, Ajantina ta sauya a 2010, birnin Meziko ya ɗauke gunkinsa daga babban titin Reforma a 2020. Sifaniya kuwa ko gezau, 12 ga Oktoba ce ranar ƙasa bisa dokar 1987, da faretin soja a Madrid gaban sarki. Da shugaban Meziko Lopez Obrador ya rubuta wa Sarki Felipe a 2019 yana neman a ba 'yan asali haƙuri, gwamnatin Sifaniya watsi ta yi da buƙatar. Masu ra'ayin riƙau a can suna cewa Ingila da Holan ne suka ƙara wa labarin gishiri don su ɓata sunan Sifaniya, suna mantawa cewa shaidun farko limaman Sifaniya ne, irin su Antonio de Montesinos da ya hau mimbari a Santo Domingo a 1511 ya caccaki masu bautar da mutane, da Bartolome de las Casas da ya ƙarar da rayuwarsa a kan haka.

A Amurka jihar da ta fi burge ni ita ce wadda ta fara hutun. A 2020 Colorado ta soke Ranar Kolumbus, ta sa hutu a Litinin ta farko ga Oktoba da sunan Frances Cabrini, wata 'yar Italiya mai hidimar coci da ta zo New York a 1889 ta yi ta gina gidajen marayu da makarantu da asibitoci ga baƙin haure, har a Denver. Ita ta zauna da leburorin da aka yi hutun dominsu, abin da Kolumbus bai yi ba. Ba duk Italiyawan jihar ne suka ji daɗi ba, amma an raba abu biyu da aka daɗe da haɗawa, wato mutuncin al'umma da sunan mutum guda. Haka a 2019 magajiyar garin New Orleans, LaToya Cantrell, ta fito ta nemi afuwa a hukumance kan kisan 1891, abin da ya kamata a yi tun kafin a nemo wani biki. Wasu shugabannin ƙabilun asali kuma suna jan kunnen masu murna cewa sauya suna ba ya cin ko sisi, alhali yarjejeniyoyin ƙasa da aka karya, da gidajen da ba su da ruwan famfo a yankin Navajo, suna nan yadda suke.

A matakin tarayya tsugune ba ta ƙare ba. Joe Biden ya zama shugaba na farko da ya fitar da sanarwar Ranar 'Yan Asalin Ƙasa a 2021, amma tare da ta Kolumbus ya fitar, kowa ya ɗauki tasa. Donald Trump ya ce a Afrilun 2025 zai dawo da ranar daga toka, a Oktoba kuma ya fitar da sanarwar yabon Kolumbus shi kaɗai. A zahiri babu abin da aka soke balle a dawo da shi, don sanarwar shugaba ba ta taɓa doka. Majalisa ce kaɗai za ta iya sauya sunan. A 2020 sanatoci biyu na jam'iyyar Republican, Ron Johnson da James Lankford, sun ba da shawarar a cire Ranar Kolumbus a sa Juneteenth, ranar tunawa da 'yanta bayi, don kada hutu ya ƙaru a kan baitulmali. Cikin 'yan kwanaki suka janye saboda caccakar da suka sha. A 2021 aka ƙara Juneteenth a matsayin hutu na 11, aka bar na Kolumbus inda yake, su kuma ƙudurorin da 'yan Democrat suka gabatar don sauya sunan ba su kai ga zama doka ba.